Filatinam, faladiyam ko zinare: wanne ya fi cinye gubar hayaƙi?

Wani ɗalibina na ajin ƙarshe ya same ni da takarda a hannu, ya zana wani ɗan gwangwani da yake so a ɗaura a bakin salansar janareta domin ya tace hayaƙi. Ya ce, "Malam, na karanta cewa zinare yana ƙona kabon monoksaid ko a cikin sanyi. Me zai hana mu zuba shi a ciki, tunda ya fi sauran?" Na san abin da ya tayar masa da hankali, domin ni ma shi ke damuna. Ba a rasa jin labarin iyalin da suka kwanta da janareta a zaure, ko da kaskon gawayi a ɗaki lokacin hunturu, gari ya waye ba wanda ya tashi. Iskar kabon monoksaid, wadda ake taƙaita sunanta da CO, ba ta da launi, ba ta da wari, kuma jinin mutum ya fi kama ta sau sama da 200 a kan iskar oksijin. Wanda duk ya zauna yana tunanin maganinta ya cancanci a ba shi amsa cikakkiya.

Na ce masa kafin a ambaci sunan kowane ƙarfe sai an san abu uku: da wane zafi hayaƙin zai iso, oksijin nawa ke tare da shi, kuma wane datti ya kwaso. Dalilin haka yana cikin yadda aikin yake gudana a kan fuskar ƙarfen.

A takarda lissafin ba wuya. Ƙwayar CO biyu su haɗu da ƙwayar oksijin ɗaya, a sami ƙwayar kabon dayoksaid biyu, zafi ya fita. Amma in ka cakuɗa iskokin biyu a kwalba ka ajiye, haka za su zauna ba abin da zai faru, sai zafi ya haura digiri 600 kafin su kama da kansu. Abin da ya tsaya a hanya shi ne ƙwayar oksijin tagwaye ce, zarra biyu ne manne da juna, kuma sai an raba su kafin ɗaya ta shiga jikin CO. Wannan rabawar ita ce aikin katalis, wato ƙarfen da ake sawa a hanyar hayaƙin domin ya sauƙaƙa haɗuwar. Shi ba ya ƙarewa a cikin aikin, dillali ne kawai, ya haɗa ciniki ya koma ya jira na gaba.

Irving Langmuir a Amurka ya yi nazarin abin a kan filatinam tun 1922, amma an daɗe ana jayayya a kan tambaya ɗaya: shin CO daga iska yake faɗowa ya fizge oksijin da ke zaune a kan ƙarfe, ko kuwa sai shi ma ya sauka ya zauna tukuna? A 1978 Gerhard Ertl da abokin aikinsa Thomas Engel suka raba gardama a Jamus. Sun riƙa harba CO a kan faladiyam ɗan kaɗan-kaɗan, suna auna lokacin da kabon dayoksaid ke fitowa, sai suka ga akwai ɗan jinkiri tsakani. Wato CO yana sauka, ya ɗan yi yawo a kan fuskar ƙarfen har ya ci karo da zarrar oksijin, sannan su tashi tare. Irin wannan aiki ne ya kai Ertl ga lambar Nobel a 2007.

To a nan gizo yake saƙa. Ka ɗauki fuskar ƙarfen kamar benci a tashar mota. CO fasinja ne guda, wurin mutum ɗaya ya ishe shi, kuma a tsaye yake kafa kansa, ɓangaren kabon a ƙasa. Oksijin kuwa sai ya sami gurbi biyu a jere, domin rabuwa zai yi. In oksijin ya riga zama, yakan bar 'yan ratuka a tsakani, CO ya kutsa ya sami wuri, aiki ya tafi. In CO ne ya riga, cika bencin yake maƙil, oksijin ya zo ya rasa inda zai sa ƙafa. Shi ya sa ake ganin abin da ke ba ɗalibai mamaki a ɗakin gwaji: a ƙaramin zafi, ƙara yawan CO rage saurin aikin yake yi. Gubar da aka kawo ƙarfen ya kashe, ita ce take toshe shi.

Filatinam ya fi kowa fama da wannan, domin riƙon kazar kuku yake yi wa CO. A zafin ɗaki kusan a kwance yake. Sai an ɗumama shi, wajen digiri 150 zuwa 250 gwargwadon yadda aka haɗa shi da kuma yawan gubar, CO ya fara sakin wurinsa. Da zarar gurabe biyu sun buɗe a jere oksijin ya sauka, aka ƙona 'yan ƙwayoyi, zafin da ya fita ya kori wasu CO ɗin, wuri ya ƙara buɗewa. Na sha tsayawa da ɗalibai muna kallon ma'aunin zafi a wannan gaɓa. Yana tafiya a hankali, digiri ɗaya, digiri biyu, can sai ka ga lambobi sun ruga a guje cikin 'yan daƙiƙu, na'urar da ke auna CO a bakin fita ta zube ƙasa. Abin da ya fi burge ni shi ne in ka rage wuta bayan nan, ba ya mutuwa a inda ya kama, yakan ci gaba da aiki har ƙasa da wurin, saboda ya riga ya share wa kansa fili kuma yana ɗumama kansa. A ɗakin gwajin Ertl a Balin har sun ɗauki hoton fuskar filatinam tana sauya tsarin zarrarta, yankin CO da yankin oksijin suna korar juna a zagaye kamar guguwa, saurin aikin yana hawa yana sauka kamar bugun zuciya.

Me ya sa ake son filatinam duk da wannan nawa? Saboda juriya. Farar wuta, wato salfa da ke cikin mai, ba ta kama shi da ƙarfi kamar yadda take kama ɗan'uwansa faladiyam, kuma ba ya saurin yin tsatsa ko da oksijin ya yi yawa. Wannan ya sa ya zama na gaba a injin dizal, wanda hayaƙinsa ke ɗauke da iska mai yawa, ga salfa, ga shi bai kai na fetur zafi ba. Rauninsa shi ne in zafi ya tsananta alhali akwai oksijin, 'yan ƙananan ƙwayoyinsa sukan rarrafa su haɗe su zama manya. Tunda zarrar da ke fuska ce kaɗai take aiki, ƙwaya ta girma ke nan an yi asarar yawancin ƙarfen a ciki. Don haka masu ƙera na dizal sukan cakuɗa masa faladiyam ya riƙe shi.

Faladiyam hanyarsu ɗaya da filatinam, sai dai halinsa daban. Yana son oksijin fiye da filatinam, har yakan yi wata siririyar fatar tsatsa a fuska, kuma wannan ta sa CO ba ya iya mamaye shi gaba ɗaya a inda iska ta wadata. Ya kuma fi jure zafi mai tsanani, shi ya sa ake iya matso da shi kusa da inji inda zai ɗumama da wuri. Wannan babban abu ne, domin mafi yawan gubar da motar zamani ke fitarwa a mintunan farko take fita, kafin katalis ya farka. Aibinsa kuwa shi ne ba ya shiri da dalma da salfa ko kaɗan. Wannan ne ya sa bai karɓi ragamar motocin fetur ba sai a shekarun 1990, bayan man Turai da Amurka ya yi tsabta.

A nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye. Motocin da muke saye na hannu an ƙera katalis ɗinsu ne domin man da salfarsa ba ta da yawa, kuma ƙa'idar Turai tun 2009 ita ce kada ta wuce kashi 10 cikin miliyan. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina sa dalma a fetur daga farkon 2006, wannan an wuce wurin. Salfa ce ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya: tsohuwar ƙa'idar Najeriya ta yarda dizal ya kai kashi 3,000 cikin miliyan, sai a 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince a sauko zuwa 50. Ga kuma injin da ya tsufa yana shan baƙin mai. Sinadaran da ake zubawa a baƙin mai domin kare inji, in suka ƙone, tokarsu kan lulluɓe fuskar katalis kamar an shafa masa gilashi, kuma wannan ba ya wankuwa. Salfa in an koma mai mai kyau aka yi doguwar tafiya inji ya yi zafi, wani ɓangarenta kan saki. Tokar baƙin mai da dalma kuwa sun zauna ke nan.

Na ɗauki ɗalibin muka je gareji domin ya ga abin da ido. Bakaniken ya ɗauko wani katalis da aka yanke daga salansar wata mota, ya buga shi a ƙasa, wani dunƙule mai ruwan toka ya faɗo. Ya ce, "Ga indomin nan, Malam." Haka suke kiransa, saboda ƙananan ramukansa sun yi kama da taliyar. Saƙar zuma ce ta yumɓu, ramuka wajen 400 a faɗin inci ɗaya murabba'i. Na ce wa yaron ya ɗaga shi saitin rana. Ta gefe haske na ratsowa tsaf, amma tsakiyar ta narke ta dunƙule kamar an ɗiga mata kwalta. Bakaniken ya ce fulogi ɗaya ne ya mutu mai motar ya ci gaba da tuƙi, ɗanyen fetur ya riƙa kwarara yana ƙonewa a cikin indomin. Yaron ya kankare bangon ramin da farce, wani gari ya fito, ya tambaya ina ƙarfen yake. Na ce ba zai gan shi ba. Giram kaɗan ne a duk dunƙulen, an baza su a kan garin alumina mai ramuka ta yadda faɗin fuskarsa zai yi yawa. Waɗannan giram ɗin ne 'yan gwangwan ke bi, su ne kuma suka sa ake cire wa mutane indomi a sayar, wani lokaci da saninsu, wani lokaci ba da saninsu ba, a yi musu walda da bututu fanko. Abin yana ci mini rai, domin hayaƙin motar da aka yi wa haka mai talla a bakin titi da ɗan acaɓa da ke bayanta ne suke shaƙa.

Rodiyam, wani ƙarfen da shi ma ake sawa a katalis ɗin mota, ba zan daɗe a kansa ba, don ba domin CO ake sayensa ba. Gwanintarsa raba iskar naitirojin oksaid ce, ya miƙa oksijin ɗinta ga CO, guba biyu su kashe juna. Shi ne ginshiƙin katalis mai aiki uku da Volvo ta fara fitarwa a motocin 1977, kuma ba ya aiki daidai sai na'urar auna oksijin da ke salansa ta riƙe haɗin iska da fetur kusa da 14.7 bisa ɗaya. A watan Maris na 2021 oza ɗayansa ta haura dala 25,000. In CO kaɗai ne damuwarka, ba ka da hujjar kusantarsa.

Sai zinaren da ɗalibina ya zo da shi. Labarinsa yana da daɗi, kuma gaskiya ya karanta. Shekara da shekaru masana sun ɗauka zinare ba ya komai, kuma ga zinaren awarwaro da ɗan kunne haka ne: oksijin ba ya rabuwa a kansa, CO ma riƙon sakainar kashi yake masa, dalilin da ya sa ba ya tsatsa ke nan. Sai Masatake Haruta a Osaka ta Japan ya gano a 1982, ya kuma wallafa a 1987, cewa in aka mayar da zinare ƙwayoyi 'yan ƙasa da nanomita biyar aka ɗora su a kan tsatsar wasu ƙarafa, irin ta baƙin ƙarfe ko ta titaniyam, yana ƙona CO har a sanyin digiri 70 ƙasa da sifili. A 1998 ƙungiyar Wayne Goodman a Amurka ta nuna aikin ya fi ƙarfi in ƙwayar tana wajen nanomita uku, abin da silin gashin kai ya fi shi kauri sau dubu ashirin. Garin da aka haɗa da titaniyam ma ba ruwan zinare ne da shi ba, shunayya ne.

Sirrinsa shi ne ba a benci ɗaya ake rububi ba. CO yana zama a kan zinaren, ba da ƙarfi sosai ba, oksijin kuma ta gefen tsatsar da aka ɗora zinaren a kai yake shigowa, su haɗu a bakin iyaka, inda ƙwayar zinare ta taɓa abin da take zaune a kai. Tunda kowa da ƙofarsa, CO ba ya iya toshe hanya, ba a kuma bukatar zafi domin a kore shi. Ɗan danshi a iska ma ƙara masa kuzari yake. Wannan ya bambanta shi da hofkalait, tsohon haɗin jan ƙarfe da manganis da aka ƙirƙiro a Amurka a ƙarshen yaƙin duniya na ɗaya, wanda yake da arha kuma yana aiki a zafin ɗaki, amma da ya sha raɓa ya mutu, sai an sa masa abin tsotse danshi a gaba.

Amma abin da ya ba zinare ƙarfi shi ne rauninsa. Yana narkewa a digiri 1,064, alhali faladiyam sai 1,555, filatinam kuma 1,768, kuma ƙananan ƙwayoyi tun kafin a je kusa da nan suke fara rarrafe suna haɗewa. 'Yan ɗaruruwan digiri sun isa su mayar da nanomita uku ya zama ashirin, daga nan kuma ya koma zinaren ado. Haɗa shi ma sai da hannu mai kyau: in aka bar burbushin kilorin daga ruwan zinaren da aka fara da shi, ƙwayoyin kan kumbura tun a wajen gasawa. Ko a sanyi, yakan gaji a hankali saboda wani ɓawon kabonet da ke taruwa a bakin iyakar nan. Wurinsa shi ne inda iska take da sanyi da tsabta kuma gubar ba ta da yawa: takunkumin numfashi na masu tsere wa gobara, na'urar tace iskar rufaffen wuri, da share ragowar CO daga iskar haidirojin. A nan ba wanda ya kama ƙafarsa a cikin ukun. A bakin salansa kuwa kuɗi ne za a ƙona.

Farashi ma ba abin jingina ba ne, don juyawa yake. Kusan kashi 70 cikin ɗari na filatinam daga Afirka ta Kudu yake fitowa, kusan kashi 40 na faladiyam kuma daga Rasha. An rungumi faladiyam ne domin ya fi arha, sai ga shi a 2001 ya haura dala 1,000, kamfanin Ford ya tara shi da yawa don tsoron ƙaranci, farashi ya faɗi, ya yi asarar dala biliyan ɗaya. A 2017 ya wuce filatinam, a Maris na 2022 ya haura dala 3,000 bayan ɓarkewar yaƙin Yukren, a Fabrairun 2024 kuma ya sake komawa ƙasa da filatinam. Wanda ya gina zaɓinsa a kan farashin bana, baɗi sai ya sake lale.

Ga mai mota da indominsa ya lalace, shawarata ita ce ya nemi irin wanda aka ƙera wa wannan injin, faladiyam da rodiyam ga yawancin na fetur, mai rinjayen filatinam ga dizal, kada a musanya. Ya kuma gyara abin da ya kashe na farkon, fulogi ne ko shan baƙin mai ko na'urar auna oksijin, in ba haka ba sabon ma bin sahu zai yi. Na arha sosai da ake cewa yana shiga kowace mota, yawanci ƙarfen cikinsa ne aka tsuke.

Shi kuwa ɗalibina, sai da muka zauna muka buga lissafi. Ƙaramin janareta mai kafireto yakan sha mai fiye da abin da iskar da yake ja za ta iya ƙonawa, don haka hayaƙinsa na iya ɗaukar CO kashi da dama cikin ɗari, oksijin kuma ɗan kaɗan. Ko wane ƙarfe ka sa, ba zai ƙona abin da ba shi da oksijin ɗin ƙona shi ba, dole a buɗa wa iska hanya ta shiga kafin katalis. In an yi haka kuma, kowane kashi ɗaya cikin ɗari na CO da aka ƙona yana ƙara wa hayaƙin zafin kimanin digiri 80. Kashi biyar ke nan digiri 400 a kan zafin da hayaƙin ya fito da shi. Zinare ya fita daga lissafi tun a nan. Filatinam zalla zai haɗe da wuri. Abin da ya rage shi ne faladiyam, ko faladiyam da ɗan filatinam saboda salfar man da muke samu, a kan saƙar zuma ta ƙarfe wadda za ta jure jijjiga, da garkuwa a jikin gwangwanin don kada ya ƙona yaro ko ya tayar da gobara.

Sai na sa shi ya rubuta wani lissafin a shafin farko na rahotonsa. A ce hayaƙi na ɗauke da kashi 3 cikin ɗari, wato 30,000 cikin miliyan. A ce na'urarsa ta yi kyau ƙwarai ta cinye kashi 90. Saura 3,000, alhali hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka ta sa 1,200 a matsayin haɗari ga rai nan take. Ga mintunan farko da katalis bai farka ba, ga ranar da zai gaji ba tare da ya nuna wata alama ba. Na ce masa, "Ka rubuta da manyan baƙaƙe a jikin gwangwanin cewa janareta a waje yake kwana, nesa da taga da ƙofa, ko da wannan abu a jikinsa. In wani ya ga na'urarka ya shigar da janareta zaure, da mu za a tambaya."

Ya yi shiru, sannan ya ce, "To Malam, daga ina zan fara?" Na ba shi aron ma'aunin zafi mai waya, na ce ya je ya huda salansar tsohon janaretan sashenmu wuri uku, ya auno mini zafin kowane wuri da lodi da kuma babu lodi, kafin mu kashe ko sisi a kan ƙarfe.